Gida Ɗaya, Ƙofofi Da Yawa



Duk wanda ya san gidan gandu a ƙasar Shanono ya san yadda iyalai da yawa ke zaune cikin danga ɗaya, kowane magidanci da sashensa. Haka al'amarin yake ga saba, watau kwamfutar da ke ajiye shafukan intanet tana miƙa su ga mai nema. Adireshinta ɗaya ne, domin adireshi ya yi tsada: tsohon tsarin bai wuce biliyan 4.3 ba, kuma a 2011 aka raba ragowarsa ga nahiyoyi. Amma ƙofofinta masu lamba ne, har zuwa 65,535. Ta 80 ita ce zauren kowa, ta 443 kuwa ta saƙon da aka kulle.

A ɗauka sakatariyar ƙaramar hukuma tana da saba ɗaya tak, ga sashen gona, ga na ilmi, ga na lafiya, kowanne da aikinsa. A manhajar Apache, wadda ta fito a 1995, ma'aikaci zai rubuta umarnin Listen sau uku, ya buɗe 8080 da 8081 da 8082. Sa'an nan ya yanka wa kowace ƙofa sashenta da umarnin VirtualHost, ya nuna mata rumbun da za ta ɗebo takardu. Akan zaɓi manyan lambobi ne saboda waɗanda ke ƙasa da 1024 sai da izinin mai cikakken iko a kan na'urar. Tilas kuma a huda katangar tsaro daidai waɗannan lambobi, in ba haka ba baƙo ya yi ta sallama babu mai amsawa.

To, a nan ne ake yin kuskure. Ma'aikaci yakan ɗauka tun da bai faɗa wa kowa lambar 8082 ba, sunayen majinyata suna ɓoye. Ina! Lambar ƙofa asabari ce, ba kwaɗo ba. Akwai manhajojin da ke bin ƙofofin nan ɗaya bayan ɗaya su ƙwanƙwasa su duka cikin ɗan lokaci. Sashen lafiya lalle ne a sa masa kalmar sirri, a kulle saƙonsa, a kuma taƙaita masu shigarsa ga kwamfutocin ofis.

Manomi mai neman labarin taki ta wayarsa kuwa, wa zai ɗora masa haddace lamba bayan adireshi? Tun 1997 ƙa'idar HTTP/1.1 ta sa baƙo ya riƙa ambaton sunan shafin da yake nufi, kamar yadda akan tsaya a zaure a ce ana sallama da wane, yaro ya shiga ya kira shi. Saboda haka shafin jama'a ya fi dacewa da rabo ta suna, a zaure ɗaya. Rabo ta ƙofa sai a bar wa ayyukan cikin gida, da waɗanda ake gwadawa kafin a fitar da su.