Tushen Tanderu Kafin Tanderu: Jawabi a Taron Wata na Ƙungiya, Mile 3, Fatakwal



Abin da ya sa muka nemi a ba mu dama yau shi ne abin da ya sami wani ɗan uwanmu a daminar da ta wuce. Ya tara kuɗinsa ya gina tanderun jan bulo a bayan shago don gasa gurasa da burodi. Wata uku bai cika ba, gefe ɗaya ya nutse, rufin ya tsage, wuta na fita ta tsagar, ga ɗakunan katako kewaye. Allah ne Ya kiyaye. Da muka duba, ashe a kan ƙasa kawai aka jera bulo.

'Yan uwa, nan fa ba Kano ba ce. Masu gurasa a Jakara suna kafa tanderun laka a busasshiyar ƙasa ya shekara da shekaru. Mu kuwa a Diobu ruwan sama ya wuce milimita 2,000 a shekara, fiye da ninki biyu na Kano, ƙasar kuma mai taushi ce. Ko Turawan Italiya masu gasa fiza a birnin Napoli, irin wannan tanderu mai rufin ƙoƙo suke yi, kuma ba sa wasa da gindinsa.

To, mu yi lissafi irin namu na 'yan kasuwa. Jan bulo ɗaya kamar kilo 3 ne. In an sa 400, kilo 1,200 ke nan. Faifan kankare mai ƙafa 5 tsawo, ƙafa 5 faɗi, kauri inci 4, ya haura kilo 500. A ƙara bulon ƙafafu da yashi, an wuce tan 2, wato nauyin buhun siminti 40 a wuri ɗaya. Wa zai ɗora wannan a kan taɓo?

Ga shawararmu. Da farko a nemi yardar mai gida, a zaɓi wurin da ruwa ba ya kwanciya, nesa da katako. A kwashe baƙar ƙasa har a tarar da mai ƙarfi, a zuba tsakuwa a daddaɓe. A shimfiɗa leda mai kauri don kada danshi ya hau. Sannan a zuba kankare inci 6 da rodi a ciki, kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ya fi tanderun faɗi ta kowane gefe. A tabbata yashin ba na ruwan gishiri ba ne, domin gishiri na cin rodi.

A kan wannan za a ja ƙafafu da bulo mai inci 9, a cika ramukansa da kankare, a bar ƙofar ajiyar itace. Sai faifan sama, shi ma da rodinsa. Kada a ɗora bulon wuta kai tsaye a kansa, zafi na fasa kankare. A sa yashi busasshe da kwalabe a tsakani, su tsare zafin.

Abu na ƙarshe shi ne haƙuri. Kankare yana so a riƙa ba shi ruwa kwana 7, ba ya kuma cika ƙarfi sai kwana 28. Bayan an gama rufi, a fara da 'yar wuta kaɗan kaɗan na wasu kwanaki. Idan magini ya ce a rage rodi don sauƙi, a tuna masa araha ba ta ado, kuma tun ran gini ran zane.

Muna roƙon shugabanni, duk wanda zai gina tanderu ya sanar da ƙungiya, a tura masana su duba tushen kafin a rufe shi. Allah Ya tsare mu da dukiyarmu, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.