Jiragen Yaƙin da Suka Tsere wa Masu Yankan Ƙarfe



Jirgin ruwan yaƙi in ya tsufa, makomarsa sananniya ce: a sayar wa masu yankan ƙarfe, su daddatsa shi, a kai masana'anta a narke. Birtaniya, wadda ta taɓa mallakar rundunar ruwa mafi girma a duniya, haka ta yi da kusan dukkan manyan jiragenta na yaƙe-yaƙen duniya biyu. Ko Warspite, da ya ga na farko ya ga na biyu, bai tsira ba. Saboda haka duk jirgin da kuka ji an ce yana ɗaure a bakin gaɓa, ana yankar tikiti ana shiga kallo, to wasu ne suka kafe suka hana a yanka shi, kuma har gobe akwai mai biyan kuɗin zamansa. Wanda ya hana da wanda ke biya, su ke zaɓen labarin da jirgin zai ba mai ziyara. A kan wannan nake so mu tattauna.

Bari mu fara da Belfast, wanda ke kan Kogin Tems a tsakiyar Landan. An saka shi ruwa a 1938. Yaƙin duniya na biyu bai daɗe da farawa ba, a Nuwamban 1939, ya taka nakiyar Jamusawa, ƙashin bayansa ya karye, aka yi ta gyara har 1942. Ya raka jiragen da ke kai wa Rasha kaya ta tekun ƙanƙara, yana cikin waɗanda suka yi wa gaɓar Normandi luguden wuta a Yunin 1944, ya kuma je yaƙin Koriya. An sallame shi a 1963, kuma gwamnati ta so sayar da shi, sai wasu suka kafa gidauniya, aka buɗe shi ga jama'a a 1971.

Mai ziyara yakan fara da sama, wajen igwa. Guda 12 ne manya, uku-uku a rumbuna huɗu, kuma na gaban an saita su kan wani wurin hutawar matafiya da ke bakin babbar hanya, wajen kilomita 20 daga nan, don a nuna nisan da harsashi ke zuwa. Nan ake cincirindo, nan ake ɗaukar hoto. Ni kuwa shawarata ita ce a sauka. Jirgin hawa tara ne, kuma yawancinsu a ƙasa suke, ana bin tsani mai tsaye wanda babbar riga ba ta yi masa daɗi. Can za ka tarar da inda kurata ke ci da kwana a wuri guda, kowa ya rataya shimfiɗarsa ta tamfol a saman teburin abinci, kafaɗa na gogar kafaɗa. Akwai gidan burodi, da ɗakin wanki, da na likitan haƙori, da kurkuku. Mutum wajen 950 ne suka zauna a cikin wannan ƙarfe.

A can ƙasa ƙwarai, ƙarƙashin ruwa, ɗakin harsashi yake. Kowane ɗaya ya kai nauyin buhun siminti, wajen kilo 50, kuma da hannu ake ɗora shi kan na'urar da ke hawa da shi sama. In an fara faɗa, rufe ƙofofin ƙarfe ake yi a kan masu wannan aiki, don kada wuta ko ruwa su ratsa. Ba sa ganin abokin gaba, ba sa ganin sama, ba su san wa ke nasara ba. In jirgi ya fara nitsewa, su ne na ƙarshen fita, in ma sun fita. Ranar 26 ga Disamban 1943 Belfast na cikin jiragen da suka nutsar da Scharnhorst na Jamus a arewacin Nowe. Mutum kusan 2,000 ne a cikinsa, 36 aka tsamo. Wanda ya tsaya a ɗakin harsashin Belfast zai gane inda akasarin sauran suke lokacin da ruwa ya shigo. Littafin tarihi zai ba ka adadi, amma tsayuwa a wurin ce ke nuna maka ƙuncin ƙofar.

Yanzu mu dubi yadda ake zaɓen labari. A watan Mayun 1905 rundunonin Japan da Rasha suka gwabza a mashigin Tsushima, Japan ta yi wa Rasha kaca-kaca. Abin mamaki, jirage biyu da suka fuskanci juna a ranar suna nan har yau. Mikasa, jirgin da Admiral Togo ya ja ragamar yaƙin daga kansa, yana Yokosuka. Aurora na Rasha yana kan Kogin Neba a San Fitasbag. Amma Rashawa ba don Tsushima suka ajiye nasu ba, don a ranar da kyar ya sha, ya gudu Manila, kyaftin ɗinsa ma ya mutu. Abin da ya cece shi harbi ɗaya ne, wanda ko harsashi babu a ciki, da ya yi a daren juyin juya halin Oktoban 1917, alamar a afka wa fadar sarki. Gwamnatin Kwaminis ta mai da shi abin girmamawa saboda wannan harbin. Da babu shi, da tuni an manta da sunansa.

Shi kuwa Mikasa, a Ingila aka ƙera shi. Bayan yarjejeniyar rage jiragen yaƙi ta Washinton a 1922, an yarda a bar shi ne da sharaɗin ba zai sake motsi ba, sai aka kewaye gindinsa da kankare. Da Japan ta sha kashi a 1945, aka kwashe igwoyinsa, aka gina gidan rawa da wurin kallon kifi a kansa. Sai a 1961 aka mayar masa da kamanninsa, kuma cikin waɗanda suka goyi bayan gyaran har da Admiral Nimitz, Ba'amurken da ya jagoranci murƙushe rundunar ruwan Japan. Jirgi ɗaya, cikin shekara arba'in, ya zama abin alfahari, ya zama abin kunya, ya koma abin alfahari, alhali ko taku ɗaya bai gusa ba.

Amurkawa sun fi kowa yawan irin waɗannan jirage, sun kuma iya tsara labari. A Pearl Harbor ta Hawai, Arizona na kwance a ƙarƙashin ruwa tun harin 7 ga Disamban 1941, inda mutanensa 1,177 suka hallaka. Kusa da shi aka kawo Missouri, wanda a kansa Japan ta sa hannun miƙa wuya ranar 2 ga Satumban 1945. Cikin yini ɗaya mai ziyara zai ga inda yaƙinsu ya fara da inda ya ƙare. Tsari ne mai kyau, sai dai tsarin mai nasara ne, kuma ya kamata ɗalibin tarihi ya shiga da saninsa. Na yaba musu abu guda: suna nuna lotsawar da jirgin saman ƙunar baƙin wake ya yi wa gefen Missouri a Afrilun 1945, suna kuma faɗin cewa kyaftin ɗin ya sa an yi wa matuƙin Bajapanen jana'izar soja kafin a sa gawarsa a teku.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ke kashewa da rayawa. Ƙarfe da ruwan gishiri ba sa ga maciji, tsatsa kuma ba ta hutun ƙarshen mako. Aurora da ake gani yau, gindinsa ba na asali ba ne, an yanke an sake shi tsakanin 1984 da 1987. Jirgin Texas na Amurka, da ya zama gidan tarihi tun 1948, ya yi ta yoyo har sai da majalisar jihar ta ware dala miliyan 35, aka ja shi zuwa Galbeston a 2022 don gyara. Jirgin Victory na Nelson, gwarzon Birtaniya a yaƙin Trafalga na 1805, tun 1922 aka raba shi da ruwa. Inda kuɗin ya yanke kuwa, ku tambayi Indiya. Vikrant, jirginsu na farko mai ɗaukar jiragen sama, wanda ya taka rawa a yaƙin 1971 da ya haifar da Bangaladash, ya zama gidan tarihi a Mumbai daga 1997 zuwa 2012. Aka rasa mai ɗaukar nauyinsa, aka yanka shi a 2014. Kamfanin Bajaj, wanda duk ɗan acaɓa ya sani, ya sayi wani ɓangare na ƙarfen ya zuba a wani samfurin babur.

Mu ma wata rana tambayar za ta iso mana. Najeriya na da Aradu, da aka ƙera a Hambog ta Jamus, ya shiga aiki a 1982, ya kuma je Ingila a 2005 wajen bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalga. In an ce a ajiye shi a Legas yara 'yan makaranta su riƙa shiga, ni zan goyi baya, amma da sharaɗi biyu. A rubuta kuɗin fenti da walda da janye ruwa a kasafin kowace shekara, ba sai ranar biki ba. Kuma kafin a buga allon bayani ko ɗaya, a nemi tsofaffin da suka yi aiki a ɗakin inji da kicin a naɗi maganarsu tun suna da rai.

Nan zan dakata, ga fili ga masu tambaya.