Bayan An Dawo Daga Daji

 Shirinmu na yau a kan 'yan'uwanmu ne da suka kuɓuta daga hannun 'yan bindiga.

An sayar da gona da dabbobi, an biya kuɗin fansa, mutum ya dawo, an yi barka. Tabon bulala da na sarƙa ya warke, amma barci ya gagara. Da ya ji rurin babur sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Ya daina zuwa gona, abu kaɗan sai faɗa. Haka ma wasu da suka ga kisan da 'yan bindiga suka yi a watan Janairun 2022 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum suke fama.

Idan wannan hali ya wuce wata guda, likitoci na kiransa ciwon firgici bayan masifa. Ƙwaƙwalwa ce ta kasa gane cewa haɗarin ya wuce. Yana kama jarumi, yana kama mai ibada, kuma yana da magani.

Babban maganinsa zama ne da ƙwararre. A wata hanya da aka gwada a kan 'yan gudun hijirar Sudan a Yuganda, akan shimfiɗa igiya a matsayin rayuwar mutum, a ɗora dutse a gurbin kowace musiba, fure a gurbin kowane farin ciki. Sai ya riƙa ba da labarinsa daki-daki, zama bayan zama, har azabar ta koma abin da ya faru rana kaza a wuri kaza, ta daina afko masa kullum. Ƙwayar barci ba ta yin wannan aiki, Tramadol kuwa ƙara dagula lamarin yake.

Iyalai, kada ku matsa masa da tambaya, kada kuma ku ce ya manta kawai. Matar da aka ci zarafinta a rufa mata asiri, a daina yi mata gori. A yi addu'a, a kuma nemi magani. Ku fara da asibiti mafi kusa. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware a jihar Sakkwato. Wanda ya fara zancen kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.