TAFIYAR FARI ZUWA TAFKIN TIMIYA: A SALLAMI YARO DA ALBARKA

(Jawabin da mushen lakwal ya yi a taron ƙungiya na bayan girbi)



Maganar da muka kawo yau ta samarinmu ce. Da an gama ɗaure hatsi an zuba a rumbu, sai hankalinsu ya koma arewa. Waɗansu daga cikin waɗanda suka fita daga hannunmu a lakwal sun zo mana da shawara: suna son zuwa Abzin su ga tafkin dutse na Timiya, kowa da ƙafarsa, ba uba ba wa. Iyaye kuwa sun ce a'a. Mu dai roƙonmu guda ne: a bar yaro ya tafi, amma da shiri, da izini, da albarka.

Ga dalilinmu. Tun shekarar 2014 da zinariya ta bayyana a Jado da Cibarakaten, mun ga abin da hani ya haifa. Yaro ya nemi izini an hana shi, sai ya sulale da dare, ba guzuri, ba takarda, ba wanda ya san motar da ya hau. Wanda bai taɓa wuce kasuwar Tanut ba, tafiyarsa ta fari sai ta zama ta tsakiyar hamada. Da wannan, ashe ba gara ya fara koyon tafiya a hanyar da kakanninsa suka sani ba?

Domin hanyar Abzin ba baƙuwa ba ce gare mu. Dattawan da ke zaune nan sun fi mu sani. Kowace shekara ayarin Kel Ewe yakan sauko Damargu ya sayi hatsi, ya kai Bilma da Fashi ya musanya da gishiri da dabino, ya komo da su kasuwanninmu har zuwa Kano. Jajiduna ta yi suna ne saboda ayari. Baturen Jamus ɗin nan Barth ma, ayarin gishiri ya biyo daga Abzin, kuma a Tagelel, nan cikin Damargu, ya rabu da abokan tafiyarsa a watan Janairu na 1851. Mutanen Timiya suna cikin masu wannan fatauci. Gidaje da yawa a Gangara, Olelewa da Tarka suna da aminan Abzinawa da suke sauka wurinsu tun zamanin kakanni. Sun sha zuwa gidajenmu, mu ba mu rama ba. Zumunta kuwa a ƙafa take.

To, mene ne wannan tafki? Daga Tanut zuwa Agadas wajen kilomita 300 ne, ta Adarbisanat, a wuce dutsen Tigidit. Daga Agadas zuwa Timiya kuma kilomita 200 da ɗoriya, ta Elmeki, hanyar duwatsu da rairayin ƙorama. Kafin a shiga gari, akwai wani wuri inda ruwa ke gangarowa daga kan baƙin dutse ya taru a gindinsa. Buzaye suna kiran irin wannan matara agalmam. Ba wani ƙaton tafki ba ne, waɗansu tafkunanmu na damina sun fi shi faɗi nesa. Abin mamakinsa shi ne daɗewa. Namu sukan ƙafe tun cikin ɗari, shi kuwa yakan riƙe ruwa har cikin rani, alhali ruwan samansu bai kai namu ba. Dalili biyu ne. Gindinsa dutse ne, ba ya shanye ruwa. Kuma duwatsun da ke kewaye da shi suna tare masa rana da iska.

Wannan shi ne karatun da muke so yaro ya gano da idonsa. A aji mukan zana taswira a allo, mu ce dutsen Bagzan shi ne mafi tsawo a Nijar, mita 2022. Yaro ya hardace, ya ci jarrabawa, ya manta. Amma gani ya kori ji. In ya je zai ga garake a bakin ƙorama, inda ake noma alkama, masara, albasa, lemu da rumman. Zai ga yadda raƙumi ke jan wasaki daga rijiya, ruwa ya bi ƴar magudana ya shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, ba a yar da ko ɗigo. Mu da rijiyoyinmu ke da zurfi gaba da yawa, mu da muka ga yunwar 1973 da ta 1984, ba mu ne ya kamata mu koyi tattalin ruwa ba?

Yanzu ga sharuɗɗa, samari ku buɗe kunne.

Na ɗaya, lokaci. Kada a tafi da damina. A cikin duwatsu ana iya yin ruwa a nesa, kai kana cikin rana, sai ƙorama ta taho da ƙarfi ta kwashe abin da ta tarar. Ku tuna ambaliyar Agadas ta watan Satumba na 2009. Ko da rani ne, ba a kwana a cikin ƙorama. Lokacin da ya dace shi ne bayan girbi zuwa ƙarshen ɗari. Amma sanyin dutse ba irin namu ba ne, a riƙe bargo da rawani.

Na biyu, takardu da labarin hanya. A riƙe kardante. In an isa Agadas a tambayi hukuma da direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, don labarin bara ba ya amfani bana. In sun ce a dakata, a dakata. Lokacin tawayen 2007 zuwa 2009 an binne nakiyoyi a waɗansu hanyoyin Abzin, saboda haka ba a barin sawun da motoci ke bi.

Na uku, tafiya kai ɗaya ba ita ce tafiya ba kowa ba. A hau motar da ƴan gari ke hawa, irin masu ɗauko albasa da lemu. A san sunan direba, a faɗa wa gida ta salula kafin a tashi, domin akwai wuraren da waya ba ta kamawa. A sa ranar komowa, a cika ta.

Na huɗu, masauki. Nan ne aikinku yake, iyayenmu. Ku ba yaro sunan amininku da saƙon gaisuwa, ku ɗaura masa ƴar tiyar hatsi ta tsaraba. Baƙon da ya zo da sunan ubansa ba ya kwana a waje.

Na biyar, tafkin kansa. Yaranmu sun koyi iyo ne a ruwan da bai wuce ƙirji ba. Ruwan dutse yana da sanyi ƙwarai, ba a ganin gindinsa, kuma duwatsun bakinsa suna da santsi. Kada a yi tsalle a faɗa, kada a shiga in ba ɗan gari a kusa. Ruwa ne da mutane da dabbobi ke amfani da shi, ba a zuba masa sabulu, ba a yar da leda. A nemi izini kafin a taɓa ɗan itacen garkar wani.

Na shida, kuɗi. A raba su biyu. Kuɗin mota na komowa a ɗinke su a lalita, ba a taɓa su ko da me aka gani a kasuwar Agadas.

Mun san abin da ke zukatan iyayenmu mata. Tsoro ne, kuma tsoron gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Ba wanda zai ce hanya ba ta da hatsari. Sai dai yaron da ya kai shekara 18 zai yi tafiya ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne yadda zai fita: ta ƙofa da addu'a, ko ta bayan danga da dare. Wanda ya koyi tambayar hanya, da riƙon guzuri, da ladabin baƙunci a tafiyar kwana goma, shi ne gobe zai je Kano ko Libiya ya komo da mutuncinsa.

Shawararmu ga ƙungiya ita ce, duk saurayin da zai tafi ya zo gaban dattawa biyu a duba shirinsa, a rubuta sunansa da ranar tashinsa a littafin ƙungiya. In ya komo, ya tsaya a nan inda muke tsaye ya ba da labarin abin da ya gani, musamman yadda ake tattalin ruwa, mu kuma mu buga shi a wannan takarda don ƴan ci-rani su karanta.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai su lafiya, ya komo mana da su lafiya. Allah ya ba mu damina mai albarka.