Yaƙin Duniya Na Biyu: Abin Da Ya Ci Mana Da Abin Da Ya Bar Mana

 

 

Kwamiti ya ɗora mana nauyin cewa wani abu albarkacin ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya. Mu dai 'yan kasuwa ne, karatunmu na Islamiyya ne, sai abin da muka tsinta a bakin tsofaffi da rediyo da 'yan littattafai. To amma ɗan kasuwa ya san abu guda, in an tashi kasuwa sai a zauna a yi lissafi, me aka kashe, me aka samu. Irin wannan lissafi muke so mu yi wa Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila.

Kullum muna wucewa ta gaban barikin soja na Mokola, nan kusa da mu, mai suna Letmauck. Mun tambayi samarinmu ma'anar sunan, wani ya ce Turanci ne, wani ya ce sunan wani Bature ne. Alhali kuwa sunan wani wuri ne a ƙasar Bama, inda sojojinmu suka gwabza da Japanawa a 1945. Ba Bama ta Barno ba, wadda ke gabas da Indiya, da ake kira Myanmar tun 1989. Haka barikin Myohaung da na Arakan a Ikko, da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga wancan yaƙi aka samo sunayensu. Kun ga ashe ba yaƙin Turawa ba ne su kaɗai.

Mafarin Abin

Tushen rigimar yana cikin yaƙin farko, na 1914 zuwa 1918. Da aka ci Jamus, sai aka zaunar da ita a Basai ta ƙasar Faransa a 1919, aka ɗora mata laifin yaƙin, aka rage mata soja, aka ƙwace ƙasashen da take mulka, ciki har da Kamaru da Togo, aka kuma ɗora mata tara mai nauyi. A 1923 kuɗinsu mai suna mak ya zama takarda, har a watan Nuwamba dala ɗaya ta haura mak tiriliyan 4. Mu da muka ga yadda naira ke narkewa a aljihu mun san ciwon. Mutum ya sayar da kaya da safe, da la'asar kuɗin ba za su sayo masa rabin kayan ba. Suna cikin farfaɗowa sai kasuwar duniya ta karye a 1929, kafin 1932 marasa aikin yi a Jamus sun kai miliyan 6.

A cikin wannan hali Hitila ya samu kasuwa. Ya ce wa Jamusawa ba a ci su da yaƙi ba, cin amanarsu aka yi daga cikin gida, ya nuna Yahudawa da yatsa. Jama'a, a saurari wannan wuri da kyau. Yahudawan nan ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari na mutanen Jamus ba. An haifi kakanninsu a can, yarensu ɗaya da kowa, kuma wajen 12,000 daga cikinsu sun mutu suna yi wa Jamus yaƙi a yaƙin farko. Duk wannan bai cece su ba. Hitila ya hau mulki ranar 30 ga Janairu 1933, ranar 1 ga Afrilu aka tsayar da 'yan bangar jam'iyyarsa a ƙofar kantunan Yahudawa ana hana mutane sayayya. A 1935 aka yi doka aka cire su daga cikin cikakkun 'yan ƙasa. A Nuwamba 1938 aka farfasa kantunansu aka ƙone wuraren ibadarsu. Kafin yaƙi ya ƙare an kashe wajen miliyan 6 a faɗin Turai. Daga ƙofar kanti aka fara.

Ba Jamus kaɗai ke da kwaɗayi ba. Japan ta mamaye Manchuriya a 1931, ta faɗa wa Sin gaba ɗaya a 1937. Musolini na Italiya ya auka wa Habasha a 1935, har da iskar guba. Sarki Haile Selassie ya je Janiba a 1936 ya kai kuka gaban majalisar ƙasashe ta wancan zamani, aka saurare shi aka watse. Da Hitila ya ga haka, sai ya haɗiye Ostiriya a 1938, ya nemi wani yanki na Cekoslobakiya. Ingila da Faransa suka sa hannu a Munik suka ba shi don a zauna lafiya, kamar mai jefa wa kura ƙashi don ta bar masa akuya. A Maris 1939 ya cinye sauran. A watan Agusta ya ƙulla yarjejeniya da Stalin na Rasha, ranar 1 ga Satumba ya faɗa wa Polan. Ranar 3 ga wata Ingila da Faransa suka yi shelar yaƙi, mu kuma da yake Ingila ke mulkinmu, muka wayi gari a ciki ba tare da an tambaye mu ba.

Yadda Aka Gwabza

Da farko Jamus ta yi ta cin nasara. A Yuni 1940 Faransa ta faɗi cikin mako shida, Ingila ta rage tana shan ruwan bama-bamai. Daga nan Hitila ya yi kuskuren da ya ci shi. Ranar 22 ga Yuni 1941 ya karya alkawari ya auka wa Rasha. Ranar 7 ga Disamba Japan ta kai wa jiragen ruwan Amurka hari a Pearl Harbor, Amurka ta shigo da dukiyarta da masana'antunta. A ƙarshen 1942 aka karya sojan Jamus a El Alamain ta ƙasar Masar, a Fabrairu 1943 rundunarsu ta miƙa wuya a Stalingirad. Ranar 6 ga Yuni 1944 sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Faransa, Rasha kuma na tunkarowa daga gabas. Hitila ya kashe kansa ranar 30 ga Afrilu 1945, Jamus ta sallama ranar 8 ga Mayu. Japan ta ci gaba har sai da Amurka ta jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima ranar 6 ga Agusta da Nagasaki ranar 9, aka sa hannun sallamawa ranar 2 ga Satumba. Waɗanda suka mutu sun haura miliyan 60, mafi yawansu ba soja ba ne. Tarayyar Sobiyet kaɗai ta rasa wajen miliyan 27. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Inda Aka Taɓo Mu

To yanzu sai mu dawo gida. Tun kafin a fara harbi, jita-jita ta cika Arewa cewa wai za a miƙa Nijeriya ga Jamus. Tana cikin dalilan da suka sa aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a Janairu 1939, Malam Abubakar Imam na edita.

Da Faransa ta faɗi, Nijar da Dahome suka kasance ƙarƙashin gwamnatin da ta yi sulhu da Jamus, har zuwa ƙarshen 1942. Iyakar da fatake ke tsallakawa tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Daura da Damagaram, ta zama iyakar abokan gaba. Cadi kuwa, a ƙarƙashin gwamna baƙar fata Felix Eboue, ta bi bayan Janar Digol tun Agusta 1940. Wannan ya ba Ingila hanya. Ana kawo jiragen sama cikin akwatuna zuwa Takoradi a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lami, su ratsa Sudan zuwa Hartum, sannan Alƙahira. Kusan hanyar da alhazanmu na da ke bi a ƙasa ke nan. Jirage fiye da 5,000 suka bi ta. Abin ya dami Jamus har ta turo jirgi ya jefa bam a Fort Lami, wato Njamena ta yau, a Janairu 1942.

Sojanmu kuwa Habasha suka fara zuwa. Birged ta 23 ta Nijeriya ta shiga Mogadishu ranar 25 ga Fabrairu 1941, ta kori Italiyawa har Harar cikin kusan wata ɗaya. A Afrilu aka karɓe Adis Ababa, ranar 5 ga Mayu Haile Selassie ya koma gadonsa. Daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga can sai dazukan Bama. Mutum wajen 90,000 aka kai daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, kaya a ka ake ɗauka, abinci da harsashi daga jirgi ake sako musu da laima. Ga ruwan sama, ga zazzaɓi, ga Bajapane a ɓoye cikin duhuwa. A Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci garin Myohaung. Da yawa can aka binne su.

Na gida ma ba su tsira ba. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa kuza da roba, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi ta ɗiban talakawa daga ƙauyukan Arewa zuwa haƙar kuza bisa tilas, abin da ake kira ɗiban gwamna. Dubun-dubatar mutane aka raba da gonakinsu, wasu sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe su. Gwamnati ta ƙayyade farashin gyaɗa ta kuma matsa a noma ta. A kasuwa gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya, tsada ta kai inda ta kai.

Bayan Ƙura Ta Lafa

An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a Oktoba 1945, ƙasashe biyar da suka ci yaƙin suka ajiye wa kansu kujerar na-ƙi, kuma har yau a hannunsu take. Amurka da Rasha suka zama manya, suka shiga yaƙin cacar baka. Aka raba Jamus biyu a 1949, ba ta sake haɗewa ba sai 1990. A 1948 aka kafa Isra'ila, Falasɗinawa fiye da 700,000 suka rasa gidajensu, wato zaluncin da aka yi a Turai wasu ne da ba su ji ba su gani ba suka biya kuɗinsa.

Ingila da Faransa sun ci yaƙi amma jarinsu ya karye. Indiya ta samu 'yanci a 1947, Bama a 1948. Sojan da ya ga Bature na jin tsoro yana kuma mutuwa kamar kowa, ya dawo da wani ido dabam. Malam Sa'adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa Maraba da Soja. Sai dai kuɗin sallamar baƙar fata ya gaza na Bature mai igiya ɗaya da shi nesa ba kusa ba, aikin da suka sa rai kuma bai samu ba. A Caroyi ta Sanagal, Faransa ta buɗe wa nata sojan wuta a Disamba 1944 don sun nemi haƙƙinsu. A Ankara ta Gana aka harbe tsofaffin soja uku ranar 28 ga Fabrairu 1948, garin ya kama da wuta, a 1957 Gana ta samu 'yanci. A nan Nijeriya ma'aikata sun yi yajin aiki na kwana 44 a 1945 saboda tsadar rayuwa. Tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, ya raba ƙasa jiha uku, Arewa da Yamma da Gabas, jam'iyyu suka taso kowace da yankinta, har aka kai ga 1960. Daga lokacin ne zamanmu a nan ya soma shiga lissafin siyasar yanki.

Ga lissafin ke nan. Mun ba da jini da gumi da gyaɗa, mun samu 'yanci da wuri fiye da yadda Bature ya yi niyya. Amma waɗanda suka biya kuɗin fa? Da yawanmu mun tashi mun tarar da su sun tsufa suna gadi a ƙofar kamfanoni da gidajen masu kuɗi, wani da lambar yabo maƙale a tsohuwar kwat. Muna yara muna tsokanarsu su yi mana maci mu yi dariya. Ba mu zauna mun tambaye su komai ba, yau ga shi kusan duk sun kwanta dama. Allah ya yafe mana, su kuma Allah ya jiƙansu.

Don haka muna roƙon abu biyu. Na farko, duk gidan da ke da lambar yabo, ko takardar sallama, ko hoton kakan da ya je Habasha ko Bama, a kawo wa sakatare ya rubuta suna da gari da runduna, a ɗauki hoto a mayar wa mai shi. Kada gara ta cinye abin da ya rage.

Na biyu ya fi nauyi. Mu mazauna wannan unguwa, wasunmu nan aka binne kakanninsu, amma duk ranar da abinci ya yi tsada ko zaɓe ya matso, sai mu ji ana maganar baƙi. Mun ga yadda ta faro a Jamus, daga kada ku sayi kayansu. In mun ji irin wannan magana, kada mu jira ta girma, kuma kada samari su ɗauki doka a hannunsu. A kai wa shugabanni, su zauna da sarakunan gari da hukuma tun abin yana ƙarami. Sannan mu duba kanmu. Abin da ba ma so a yi mana a Sabo, kada mu yarda a yi wa wani a Sabon Gari, ko da baki ne, ko da saƙon waya ne da aka turo mana muka tura gaba. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya shirya mana zuriya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, a gafarce mu.