FUSKA DA MURYA: RAHAMA SADAU DA MATSAYIN 'YA MACE A FAGEN WASA DA WAƘA

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙarshen zango na ɗalibai 'yan asalin ƙasashen Anka, Gummi da Bukkuyum.)



Mun san a cikin wannan zaure akwai waɗanda za su ce, ƙasarmu tana fama da 'yan bindiga, gonaki sun koma saura, ƙauyuka sun zama kufai, me ya kai ɗalibai ga zancen 'yar fim? Tambaya ce mai kyau, kuma muna fatan kafin mu zauna za a ga amsarta. Abin da za mu ce tun farko shi ne, duk wanda ya shiga kasuwar Gummi ko ta Anka ran da take ci, zai tarar da samari da 'yan mata sun yi dafifi a shagon masu tura fina-finai a waya. In ya wuce gidan biki a Bukkuyum, waƙar fim ce ke tashi a lasifika. Abin da ya shiga ɗakunan iyayenmu mata har haka, bai kamata masu ilmi su kau da kai daga gare shi ba.

Bari mu fara da tarihin wadda muka ɗauka misali. An haifi Rahama Ibrahim Sadau a Kaduna ran 7 ga Disamba 1993. A can ta tashi, a can ta yi karatunta na farko, kuma tun tana yarinya aka san ta da son rawa da kallon fina-finan Indiya, har ta kai ga jin harshen Hindi ta wannan hanya. A ƙarshen shekarar 2013 ta shiga sana'ar fim ta hannun Ali Nuhu, fim ɗin Gani Ga Wane kuwa shi ne ya fito da ita sarari. Kafin a ce haka ta karɓi kyautar gwarzuwar 'yar wasan Hausa ta mujallar City People a 2014, ta sake karɓa a 2015. Watau tana da shekara 21 ta riga ta kai inda wasu kan yi shekara goma ba su kai ba.

Sana'ar da ta shiga ba tsohuwa ba ce. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka shi ne fim ɗin bidiyo na Hausa na farko. Da fina-finai irin su Sangaya suka fito wajen shekarar 2000, sai waƙa da rawa irin ta Indiya suka zama ginshiƙin kasuwar, har ya zamana fim in ba waƙa ba ya sayuwa. A nan akwai abin da ya kamata mu lura da shi. Yarinyar da muke gani tana waƙa a fim, galibi ba muryarta muke ji ba. Tun kafin a ɗauki hoto an riga an rubuta waƙar, an kira mawaƙiya ɗakin ɗaukar murya ta rera, an biya ta ta tafi, sa'an nan 'yar wasa ta zo ta haddace baitocin, tana motsa baki tana bin su. Ashe mata biyu ne a riga ɗaya, ɗaya ta ba da fuska, ɗaya ta ba da murya. Irin su Fati Nijar, mutuniyar Maraɗi, da Maryam A. Baba Sangandale sun daɗe suna ba da murya kafin jama'a su san kamanninsu. Mai fuska ita ke samun suna, ita kuma ke shan zagi. Mai murya ta tsira daga yawan zagi, amma faifai ya yi ta yawo daga Kano har Agadas ba tare da wani kaso ya biyo ta gida ba.

A farkon Oktoba 2016 ne abin da ya canza rayuwar Rahama ya faru. Ta fito a bidiyon waƙar wani mawaƙi mazaunin Jos mai suna ClassiQ, inda aka ga suna riƙe hannu da runguma. Ƙungiyar masu shirya fina-finan Hausa, watau MOPPAN, ta ce wannan ya saɓa wa ƙa'idojinta da tarbiyyar jama'a, ta kore ta daga sana'ar. Rahama ta nemi gafarar jama'a a lokacin, a 2017 kuma ta rubuta wa ƙungiyar takardar neman afuwa, daga baya hanya ta sake buɗe mata. Mawaƙin kuwa ya ci gaba da sana'arsa.

Ba mu zo nan don mu wanke abin da ta yi ba. Mu Musulmi ne, 'yan jihar da ta fara ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999, mun kuwa san kunya ado ce ga mace da namiji. Ita kanta ta amsa cewa ta ɓata wa mutane rai. Amma hukunci ana auna shi da abin da ya haifar. Da aka rufe mata ƙofar Kano, sai ta Legas ta buɗe. Ta fito a shirin talabijin na Sons of the Caliphate, ta fito a MTV Shuga, a 2018 ta fito a fim ɗin Up North da aka ɗauka a Bauchi. Ta kafa kamfaninta, Sadau Pictures, ta shirya fim ɗin Rariya a 2017. Ta tafi Jami'ar Eastern Mediterranean da ke arewacin tsibirin Saifurus ta yi digiri a fannin kula da ma'aikata. A 2022 ta fito a fim ɗin Indiya mai suna Khuda Haafiz, kashi na biyu. Korar da aka yi da nufin ladabtarwa ta fitar da ita daga inda dattawan sana'ar ke iya ce mata gyara nan, ta kai ta inda ba mai jin maganarsu.

Guguwa ta sake tasowa a Nuwamba 2020, sa'ad da ta sa wasu hotunanta a Twitter da tufar da ta bayyana bayanta, wani mutum kuma ya zo ƙarƙashin hotunan ya rubuta kalaman ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ta janye hotunan, ta barranta daga kalaman, ta fito tana kuka tana neman gafara. Dubban mutane suka yi ta tsine mata, cikinsu har da waɗanda wayoyinsu ke cike da fina-finanta. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu masu kallo mu ne muke sayen fim mai rawa mu bar marar rawa a kan tebur, sa'an nan mu juyo mu ce 'yan fim sun ɓata tarbiyya.

To, me ya hana Rahama durƙushewa, alhali kuwa 'yan mata da yawa da suka shiga sana'ar nan sun haska shekara biyu ko uku sun ɓace, wasu har sai an yi musu bara in ciwo ya kama su? A ganinmu abu biyu ne. Na farko ilmi, domin mai ilmi tana iya karanta yarjejeniya kafin ta sa hannu, tana iya magana da baƙo da harshensa. Na biyu mallakar abin sana'a, domin wadda ke da kamfaninta ba ta jiran furodusa ya ga dama. Yanzu sai mu tambayi kanmu, yarinya mai zaƙin murya a Gwashi ko Bagega ko Gayari, wanne daga cikin biyun nan muka tanadar mata?

Kada wani ya ce mana waƙar mata baƙuwa ce a ƙasar nan. Kakanninmu mata sun yi waƙar niƙa a bakin dutse, sun yi lugude a turmi, sun yi gaɗa a dandali da farin wata. 'Yan mata sun yi tashe cikin azumi, suna kwaikwayon zaman aure don jan kunnen mata da miji. Matan fada sun yi wasan gauta, suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Zabiya ba ta taɓa rasa wuri a gidan biki ba, kuma Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, shekarar da Rahama ta shigo fage, ta yi rayuwarta tana kiɗan ƙwarya tana zuga mata su tashi su nemi sana'a. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da mata, jajojin 'Yan Taru suka riƙa ɗaukar waƙoƙinta a ka suna kai wa ƙauyuka. Amma duba yadda muke yi. In ana lissafin mawaƙan Zamfara sai a kawo Musa Ɗanƙwairo Maradun, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, da Sani Sabulu Kanoma, ana alfahari, ana rubuta kundin digiri a kansu. Matan da suka raya bukukuwan garuruwanmu kuwa sun tafi da waƙoƙinsu kabari.

Ko gardamar fitowar mata cikin taro ma ba yau aka fara ta a ƙasar nan ba. Sa'ad da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake yawon wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki yadda mata ke halartar majalisinsa. Shehu ya sa ƙanensa Abdullahi ya ba da amsa, ma'anarta kuwa ita ce barin mata cikin jahilci ya fi wannan cuɗanya illa, don haka sai a ɗauki ƙaramar ɓarna a kauce wa babba, a kuma tsara zaman yadda ya dace. Ba muna kwatanta majalisin Shehu da dandalin fim ba ne, Allah ya tsare. Hanyar tunanin muke so a ɗauka, watau a auna ɓarna biyu, a gyara tsari, kada a rufe ƙofa a tafi barci. A Yuli 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano saboda sukar da aka yi. Fim bai tsaya ba don an fasa ginin. Abin da aka rasa shi ne wurin da za a koyar da sana'ar a kuma sa mata ido.

Yanzu mu dawo ga tambayar farko. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, Bagega da 'Yargalma. Yadda abin ya faru shi ne, maza suna kawo duwatsun zinariya gida, ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Turmin da aka san shi da lugude da waƙa shi ya zama turmin ajali. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo ta yi magani, an kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, amma babban aiki shi ne a fahimtar da uwa da ke cikin kulle abin da ke kashe mata ɗa. Takardar gwamnati ba ta isa gare ta, domin ba ta karatun boko. Ma'aikaci namiji ba ya wuce zaure. Amma muryar mawaƙiya tana shiga har ƙuryar ɗaki ba sallama. Haka zancen yake ga riga-kafi, da awon ciki, da karatun 'ya'ya mata, da halin matan da rikici ya raba da gidajensu suke zaune a garin Anka. In muka ƙyamaci masu wannan murya, mun yar da makamin da ya fi kowane isa inda muke so.

Saboda haka muna da shawarwari huɗu, musamman ga yayyenmu ma'aikata da mu da za mu bi sawunsu gobe. Na ɗaya, makarantun 'yan mata na yankinmu su raya ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da gasar rubutacciyar waƙa a ƙarƙashin kulawar malamai mata, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na biyu, duk ma'aikatar da za ta sa a yi mata waƙa ko wasa don wayar da kai, ta rubuta yarjejeniya, ta biya mai murya kai tsaye, a kuma ambaci sunanta. Na uku, hukumomi da ƙungiyoyin da ke sa ido kan fim su jera hukunci hawa hawa, daga gargaɗi zuwa tara zuwa dakatarwa, a saurari wanda ake tuhuma, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, mudu ɗaya kuma a auna wa mace da namiji. Na huɗu namu ne mu ɗalibai. Hutu na zuwa, kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya. Mu zauna gaban kakanninmu mata, da izninsu, mu ɗauki waƙoƙin niƙa da na reno da na gaɗa, mu rubuta sunan mai waƙa da garinta, mu kawo wa sashen nazarin harsunan Nijeriya.

Ga ƙannenmu mata masu sha'awar wannan sana'a kuwa, kada hasken fuskar Rahama ya ɗauke muku ido daga digirinta da wahalar da ta sha. Ku gama makaranta tukuna, ku nemi yardar iyaye, ku san abin da za ku yi da abin da ba za ku yi ba tun kafin a kunna kyamara.

Malam Shugaba, mu yara ne, kuma abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Mun dai faɗi iyakar fahimtarmu, muna sauraron ra'ayin manya. Allah ya jiƙan yaran da muka rasa, ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya shiryi 'ya'yanmu mata da maza baki ɗaya.