Bitamin E da Raunin Hanta Bayan Tsayar da Jini: Lokaci Ya Yi da Za a Fita Daga Kejin Ɓera



Tun 1908 da Pringle ya bayyana dabararsa a Gilasgo, likitocin tiyata ke matse jijiyoyin da ke kai wa hanta jini don rage zubarsa yayin yanka. Kowa a fannin nan ya san abin da ke biyo baya. Ɓarnar da ake yi wa hanta bayan an saki jinin takan zarce wadda aka yi lokacin da aka tsayar da shi. Oksijin na dawowa, ƙwayoyin Kupffer su fara zuba radikal cikin sa'o'i biyu na farko, sannan fararen ƙwayoyin jini su taru su ci gaba da ɓarnar har tsawon kwana biyu. Abin da radikal ke fara ci shi ne maiƙon da ke jikin tantanin ƙwayoyin hanta, ɗaya na kunna ɗaya kamar wutar daji.

A cikin wannan maiƙo alfa-tokoferol, wato bitamin E, ke zaune, kuma aikinsa katse wannan jeri. Hujjar ba sabuwa ba ce. A 1986 Marubayashi da abokansa a Hiroshima sun tsayar da jinin hantar ɓeraye na minti 90. Waɗanda aka ba bitamin E tun kafin aikin sun fi rayuwa, lalacewar maiƙonsu ta ragu. Kusan shekara 40 ke nan ana maimaita wannan gwaji a ɗakunan bincike, ana auna ALT da AST, alamomin raunin hanta a jini, sakamako iri ɗaya.

To, ina mutane? A 2004 Bartels da abokansa a Jamus sun gwada bitamin E ta jijiya kafin yanke hanta, a marasa lafiya 68. AST ya ragu, zaman sashen kulawa ta musamman ya gajarta. Su da kansu sun kira shi gwajin share fage. Babban gwajin da ya kamata ya biyo baya, har yau muna jira. Bitamin E ba shi da tsada, ba kamfanin da zai kwashi riba a kansa, su kuwa masu raba kuɗin bincike sun gwammace su amince da gwajin ɓera na ɗari da su ɗauki nauyin gwaji ɗaya a asibiti.

Za a ce mini nazarin Miller na 2005 ya danganta shan IU 400 ko fiye na bitamin E a kullum da ƙaruwar mace-mace, kuma gwajin SELECT ya nuna ƙarin kashi 17 cikin 100 na kansar prostate ta maza. Gaskiya ne, amma waɗancan shan shekaru ne, mu kwanaki muke magana. Gwajin PIVENS na 2010 ya ba da IU 800 har mako 96, hanta mai kitse ta gyaru a kashi 43 cikin 100, a rukunin kwatanci kashi 19. Hanta mai kitse kuwa ita ce ta fi jigata idan an tsayar da jini. Batun zubar jini saboda karo da bitamin K, a sa masa ido cikin gwajin.

Buƙatata ɗaya ce: gwaji na haɗin gwiwar asibitoci da dama, bitamin E ta jijiya kafin tiyata, a ƙidaya gazawar hanta da mace-mace, ba alƙaluman jini kaɗai ba. Hukumomi su ware masa kuɗi a kasafin bana.